Takalmi Lamba Arba'in

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma, Budapest

"To ina zan ajiye babban akwatin, Ruxandra? Wannan ɗakin ko kaza aka saka a ciki sai ta kai ƙara."

Da wannan Mama ta buɗe hutunmu. Na ce ta tura shi ƙarƙashin gado, ta ce ba zai shiga ba, ba tare da ta gwada ba. Yanzu akwatin yana kan gadona, ni kuma ina rubutu a kan gwiwa.

Akwati biyu don tafiyar mako biyu, matar da ta yi shekara saba'in da huɗu da riguna huɗu. Na tambayi abin da ke cikin babban. Ta ce kaya.

Bari in rubuta sau ɗaya don in huta. Ranar Litinin, 20 ga wata, za su ba ni gado a asibiti a Bukares. Talata da ƙarfe takwas na safe su yi abin da suka ce za su yi. Mama ba ta sani ba. Na ɗauko ta daga ƙauye na hau da ita jirgin ruwan nan ne don in faɗa mata, saboda na lissafa cewa a tsakiyar kogin Danube mutum ba shi da wajen gudu. Ban tantance ba ko ita nake nufi ko ni.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Coci, fada, gada, wani cocin. Mama ta ɗaga kai ta kalli ginin majalisar ƙasar ta ce, "Duk wa ke goge tagogin nan?" Ban faɗa mata maganar tawa ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana, Mohács

An haɗa mu tebur da Domnu Iancu, wato Malam Iancu, tsohon direban jirgin ƙasa daga yankin Ardeal. Matarsa ta rasu bara, 'ya'yansa suka saya masa tikitin don ya rage kiransu a waya. Shi ya faɗa da bakinsa, a hankali, yadda mutanensu ke yin komai. Mama takan jira ya kai rabin zance ta ƙarasa masa.

"Doamna Gherghina, ai ban gama ba."

"Na sani. Yau nake so in ci abincin rana, ba gobe ba."

"Ku mutanen Oltenia da magana a baki ake haifarku."

"Ku kuma sai an yaye ku kuke gama kukan farko."

Ya yi tunani ya kai minti guda, sannan ya yi dariya. Ina jin mun yi sa'ar tebur.

A cikin gari na neme ta na rasa. 'Yar jagora tana bayanin sarkin da ya nutse a rafi da sulkensa, na juya babu Mama. A kasuwa na same ta, gaban wata mai sayar da barkono, tana miƙa mata sabuwar kwat koriya, da burodi mai siffar zobe a kai, da kyandir a kunne. Matar ba ta jin yarenmu, ta ɗauka talla ce.

"Ki ce bogdaproste. Bog-da-pros-te. Ruxandra, gaya mata kyauta ce, kalmar kawai nake so."

Da ƙyar matar ta furta wani abu mai kama da ita. Mama ta ce ya isa, Allah yana jin Hungariyanci.

Sai na gane akwatin. Sadakar mai rai ce. Tsofaffin ƙauyenmu da ba su amince da 'ya'yansu ba, su suke yi wa kansu tun da sauran numfashi: abin da ka bayar a nan da kyandir, aka amsa maka da kalmar godiyar nan, shi za ka tarar a can lahira. Ba ta amince da ni ba ke nan, kuma tana da gaskiya. Ina koyar da lissafin ƙididdiga a jami'a, amma ban san yadda ake dafa alkamar sadaka ba.

To yanzu ta yaya zan tari mace tana haɗa kayan tafiyarta, in ce ta matsa mini a layi?

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyu, Vukovar

Sun bar hasumiyar ruwan garin da ramukan da yaƙi ya yi mata. Mama ta ba wani tsoho kofi da cokali a ƙofar maƙabarta. Mun zauna a benci, na buɗe baki, har na ce "Mama", sai ta ce, "Uwata, dubi yadda suke gyara wardi a nan." Haka take kirana idan ta sassauta. Na dubi wardin. Ban faɗa ba, kuma na gode wa wanda ya shuka su.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe shida saura, Novi Sad

Agogon kan ganuwa dogon hannunsa ne ke nuna awa, don masunta su hango daga nesa. Na tsaya na karanta shi daidai, na karanta shi a juye. Duk biyun kwana goma suka ce.

Da muka dawo Mama ta kunna kyandir a ɗaki don ta gwada ko ashanar ta jiƙe. Ƙararrawa ta ɗauka, rabin jirgin ya fito da rigunan ceto, har da wata Bajamushiya da sabulu a kai. Wadda ta cece mu ita ce Vesna, mai gyara ɗakunan layinmu, mace mai shekara hamsin da wani abu, doguwa, daga ƙauyukan tsallaken Sabiya da ke jin yarenmu. Ta shigo, ta ga kyandir, ta ga burodi, ta ga akwati. Ta gaya wa jami'in jirgi cewa na'urar busar da gashi ce. Da ya tafi ta ce, "Tanti, a can baya wajen masu shan taba za ki riƙa kunnawa. Kakata ma ta yi tata."

"Kin ji ko? Ga wadda aka yi wa tarbiyya," in ji Mama, tana kallona.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya, Belgrade

Ruwan sama. Sun kira daga asibitin ina tsaye a inda koguna biyu suka haɗu, na koma bayan wata tsohuwar igwa na amsa. Kada in ci komai daga daren Litinin. In zo da silifas da rigar barci mai maɓalli a gaba. Muryar matar tana da daɗi, ta ce mini "'yar uwa". Ban yi tsammanin kalma ɗaya za ta sa in jingina da igwa ba.

Yau fitilar tebur da tabarau Mama ta bayar, ga wata mai sayar da tsofaffin littattafai. Mama da ke zura zare a allura ba gilashi, wadda karatunta bai wuce kalandar coci ba. Na ce, "A can za ki shiga jami'a?"

"Ina ruwanki," ta ce.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da la'asar

Ciwon ya zo da rana, ya daɗe, ya tafi. Mama ta ce iska ce ta buge ni, ta rufe taga ta toshe ƙasan ƙofa da tawul.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe biyar, cikin kwazazzabon Cazane

Na taɓa bin nan a mota, ban taɓa bi ta cikin ruwa ba. Duwatsun suka matso har jirgin ya rage gudu, kowa ya yi shiru, har Mama. Ruwan kore ne, ba ya motsi. Domnu Iancu ya nuna ƙasa da yatsa ya ce ya taɓa tuƙa jirgin kaya zuwa wata tasha da yanzu take ƙarƙashinmu, tun kafin a yi madatsa. Mama ta bar shi ya kai ƙarshe. Na zauna tsakaninsu da bargo a ƙafa, rana a fuskata, babu inda ke mini ciwo. Da an ce in zaɓi awa guda in ajiye, wannan zan ɗauka.

Na sauko ɗauko wa Mama gyale, na haɗu da Vesna a lungu tana tura keken tawul. Ta ɗaga ƙafa ta nuna mini sabon takalmi baƙi, mai igiya.

"Doamna, ki ƙara gode wa Tanti. Kamar an auna ni. Ni da nake shan wuya kafin in sami lamba arba'in."

Na ce Allah ya sa ta kashe lafiya. Na shiga ɗaki na zauna.

Mama talatin da shida take sawa. Kwat ɗin nan ta Mohács da ta saka da ta share ƙasa.

Ni nake sa arba'in.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Muna cikin ƙofofin madatsa, jirgin yana sauka tsakanin bango biyu masu gansakuka. Na ce kaina na ciwo, ta tafi karin kumallo ita kaɗai, na buɗe akwatin.

Bargo. Matashi mai tauri, irin wanda nake so. Garin kofi. Littafin rubutu mai gidan dara da fensir shida, a fiƙe. Daga can ƙasa, a naɗe cikin tawul, kwalin taba, ainihin wadda nake sha, wadda na yi shekara ashirin da takwas ina ɓoye mata da alewar na'ana'a.

Ina zaune kusa da ita ina shan miyar kifi, ita kuwa tana shimfiɗa mini gado a can.

Laraba, 15 ga Oktoba, da rana, Severin

Ƙasarmu, kangon gadar Rumawa, tuwon masara da cuku. Ban yi mata magana ba tun jiya. Domnu Iancu ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Wa ya mutu a teburin nan?" Babu wanda ya yi dariya. Ya ɗauki tsawon cin abincin yana ba da haƙuri.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma, Vidin

Kyaftin ya tara mu da safe ya ce ruwa ya ja baya, yashi ya fito a gaba, jirgin ba zai wuce nan ba sai an yi ruwa a sama. Za a riƙa kai mutane garuruwan da suka rage a bas. Masu ƙorafi suka yi ƙorafi. Ni na duba ta taga, ga Calafat a tsallake, ga hanyar ƙauyenmu.

Na same ta a bakin gaɓa, gindin ganuwa, tana ɓare 'ya'yan kabewa a cikin zanenta.

"Mama, lamba nawa kike sawa?"

"Na me?"

"Takalmi."

Ta tofar da ɓawo. "Vesna ta cika surutu."

"Kin yi mini sadakar mutuwa ina raye."

"Ta mai rai na yi miki. Ki iya bambancewa, ke ce mai digiri."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Agusta. Kin zo gida kin kwana uku ba ki gyara mini magana ko sau ɗaya ba. Na ce tafarnuwa tana maganin hawan jini, kika ce haka ne, Mama. Sai kika rage gashinki. Sai ga hutu a watan da ake buɗe makaranta, ke da ko bikin 'yar ƙanwata ba ki zo ba saboda jarrabawa. Ban yi boko ba, uwata, amma ina gani."

Na ce to ta yanke ƙauna ke nan, ta gama da ni. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ta bari na gama.

"Tawa na yi ta shekara takwas da suka wuce, bayan babanki. Kina Jamus wajen taro, ban gaya miki ba don kada ki ɗaga mini wannan girar. Gado, katifa, har kujera. Ga ni nan. Gwaggo Stanca ta yi tata ta ƙara shekara ashirin da uku, wanda ya karɓi gadon ma ya riga ta. Idan an ga kayanki sun isa, an san kina sane, babu mai matsa miki ki zo da wuri."

Na ce mutum biyu ba hujja ba ne, ko ɗan ajin farko ya san haka.

"To ke, kashi nawa cikin ɗari likitocinki suka ba ki?"

Na san adadin. Na san har yadda aka samo shi, na karanta takardun duka. Na juya na kalli kogin.

"Kin gani. Nawa biyu cikin biyu ne."

Dariya ta kufce mini, irin mai zuwa da majina. Ta miƙo mini hankici ba ta kalle ni ba. Na tambaye ta me ya hana ta tambaye ni tun Agusta.

"Abinki ne. Jira nake ki ba ni."

Na ce to bari in faɗa. Ta ce ba yau ba, yau ina cikin fushi, ba ta so ta ji shi da wannan muryar. Gobe, bayan na karya.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na faɗa. Sunan ciwon, girmansa, ranar aikin, sunan likitar, abin da zai biyo baya idan an dace da abin da zai biyo baya idan ba a dace ba. A jere, kamar ina gaban allo. Tana zaune a bakin gado, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ashe sani daban, ji daban: na ga fuskarta ta yi abin da ban taɓa gani ba, ko ranar da babana ya rasu.

Ta ce, "Wane gefe?"

Na nuna. Ta ɗora hannu a wajen, ta saman riga. Hannun yana warin kakin kyandir. Mun daɗe a haka. Bas ɗin masu zuwa kallon duwatsun Belogradchik ta tafi ta bar mu.

Can ta ce, "Wannan ƙwan da kika ci ba karin kumallo ba ne," ta tafi neman burodi.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Ruwa bai ƙaru ba. Gobe zan tsallaka gada in hau jirgin ƙasa daga Calafat.

Na ce ta haɗa kayanta mu tafi tare. Na roƙa, da bakina, abin da ban tuna rabon da in yi ba. Ta ce a'a. Saura ruwa. Sadakar ba ta cika sai an kai ruwa ƙofa arba'in, sannan a saki na ƙarshe a kogi da kyandir. Tun jiya ta fara, da butar ƙarfe da Vesna ta aro mata daga kicin. Tana bin ɗakuna tana ƙwanƙwasawa, tana cika wa mutane kofi, tana yin tsaga da wuƙa a jikin wani ɗan icce. Jamusawan sun ɗauka sabon tsarin jirgi ne. Ɗaya ya nemi a kawo masa mai gas.

"In na bi ki me zan yi? In zauna a kujerar roba ina kallon ƙofa, ina damun nas? A nan ina da aiki. Ƙarfe takwas na Talata, suna kwantar da ke ina bakin ruwa. Laraba kina buɗe ido ki gan ni."

"Wa zai kawo ki Bukares?"

"Ga direba," ta nuna Domnu Iancu da haɓa. Ya fara cewa ai shi layin nan ya san shi tun, ta ce, "Ya yarda."

Tabar ce ta rage a akwatin. Ta ce ni zan bayar da hannuna, ita ba za ta sake taɓa wannan ƙazantar ba. Muka je can baya wajen masu shan taba, ta kunna kyandir ta kāre shi da tafin hannu. Na miƙa wa Domnu Iancu kwalin, mutumin da ya bar taba tun shekara goma sha biyar. Ya cire hula. Ya karɓa da hannu biyu, ya faɗi kalmar harafi bayan harafi, ya ƙara da sunana.

Ban yarda da ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ina so a rubuta. Amma a garuruwa biyar akwai mutanen da ban sani ba, ɗaya da kwat, ɗaya da kofi, ɗaya da fitila, kuma tsohuwar nan ta yi wata biyu tana shiga motar kasuwa zuwa Craiova tana neman takalmi daidai ƙafata, ba ta ce wa kowa komai ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, tashar Calafat

Ba ta raka ni ba. Ta ce matakalar jirgin tana gajiyar da ita, matar da ta hau ta sauka sau talatin jiya da buta a hannu.

Ta cusa mini burodi da dafaffen ƙwai a jaka, na tuna mata cewa tafiyar ba ta kwana ba ce, ta ƙara tuffa biyu. Ta gyara mini wuyan riga. Ta yi mini alamar gicciye a goshi da babban yatsa, da sauri, kamar mai goge datti, don kada in sami damar magana. Ban yi niyyar magana ba.

"Da ƙafar dama," ta ce.

Na fita da ƙafar dama. Na yi taku uku a lungun, sai na tuna buroshin haƙorina yana cikin kofi a banɗaki. Na juya. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta cika ta duk da ƙanƙantarta.

"Ina za ki?"

"Buroshina, Mama."

"Ba a komawa. Wanda ya fita ya fita, sai ya gama abin da ya fitar da shi."

"Taku uku ne."

"Ki sayi wani a Bukares. Suna da kantuna, na ji labari."

Idanunta sun cika, ta ɗaure fuska kamar mai ciniki. Ta ce, "Sai Laraba, uwata," ta tura ƙofar. Na ji ta murɗa makulli, sau biyu.

Na ɗauki jakata na hau matakala.